Jiƙon Inna a Gado na Bakwai

Mutanen Awe suna cewa babban yatsan Inna Rekiya yana da ido. Wai in ka je mata da ciwo, ba ta fara tambayarka ina ne ke maka zafi. Ce maka za ta yi ka miƙo ƙafa, ta danna ƙwaurinka da yatsan nan, ta ɗaga, ta tsaya tana kallon wurin. Matan tafkin gishiri sun ce ta taɓa mayar da wani mai babbar mota da ya zo karɓa wa matarsa magani, ta ce masa, "Ni ba na ba wanda ban gani ba. In matar taka tana da ƙafa, ka kawo mini ƙafar." Direbobin tasha kuma tsokanarta suke yi, wai ita ce dillaliyar asibiti, don rabin masu zuwa wurinta korarsu take yi, ta ce, "Wannan ba nawa ba ne, na masu allura ne."

Kowa yana da abin faɗa a kanta. Ni kaɗai ce ba na cewa komai. A Lafiya in aka tambaye ni, sai in ce, "Kakata gishiri take sayarwa." Ba ƙarya ba ce. Amma ku da kuke karanta wannan, yau za ku ji sauran rabin.

Sunana Juwairiya. A hannun Inna na tashi, ina ɗebo mata ruwan tafki, ina iza wutar dahuwar gishiri, har na kai shekara goma sha uku ban san alli ba. Da aka sa ni aji ɗaya, gwiwata ba ta shiga ƙarƙashin benci, yara suna kirana Anti. A nan na koyi rufe baki da buɗe kunne. Yanzu shekarata ashirin da tara, watana takwas da fara aikin nas a ɗakin mata na wani asibiti a nan Lafiya. Marasa lafiya suna son zamana, don ba na katse su.

Mu'awiya, wanda yake neman aurena, shi ma abin da ya ce ya gani a wurina ke nan. Ma'aikacin awon filaye ne, mai surutu kamar rediyo. Ya kawo abokiyar aikinsa da ta faɗi daga babur, ya tafi da lambata. Mahaifiyarsa, Hajiya Halimat, tsohuwar shugabar makaranta ce, gilashinta ma da sarƙa take rataye shi.

Wata biyu da suka wuce ya kai ni in gaishe ta. Na sa atamfa ruwan zuma da mayafi mai ruwan madara, na zauna a bakin kafet ina ƙirga furannin da ke jikinsa. Muna cikin gaisuwa sai ga motar masu tallar magani ta wuce da lasifika. Hajiya ta ja tsaki.

"Ka ji su. Masu saiwa da sassaƙe. Su suka ƙarar da ƙodar mutane a ƙasar nan. Jahilci dai bai yi ba."

Mu'awiya ya yi dariya ya ce, "To ga nas na kawo miki, Mama, kin huta."

Ni ma na yi murmushi. Allah ya gani, na yi.

Amma yana fita sallar la'asar sai ta jawo kujerarta kusa da ni, ta rage murya.

"'Yata, an ce ku 'yan Awe ne. Akwai wata tsohuwa can mai jiƙon kumburin ciki, an ce ba ya kuskure. Kin san ta?"

Na ce, "Ina jin labarinta, Mama."

"Cikin nan ya hana ni sakat. In da hali ki samo mini. Amma ni da ke, kin ji? Kada yaron nan ya raina ni."

A lokacin idona yana kan ƙafarta. Ta cika silifas ɗin har naman ya zubo ta gefe. A kan talabijin kuma ga kwalin ƙwayar hawan jini. Na gani. Ba zan ce muku ban gani ba.

Da na gaya wa Umma, mahaifiyata, guɗa kawai ba ta yi ba.

"Ke, ƙofa ce Allah ya buɗe miki! Uwar miji ta roƙe ki abu a ɓoye, ai kin shiga ranta kin gama. Sa'o'inki suna da 'ya'ya huɗu-huɗu, ke kina nan kina auna zafin jikin mutane."

"Umma, kin san Inna ba ta bayarwa sai ta ga mutum."

"To so kike ki kwaso ta da faso da warin hayaƙi ki kai ta falon shugabar makaranta? Ki ce naki ne mana."

Asabar ɗin na hau mota, na bi ta Obi na isa Awe. Na ce wa Inna cikina ke kumbura. Ta ce in miƙo ƙafa. Ta danna, ta ɗaga, wurin ya dawo nan take. Ta cika mini leda da ƙunshi-ƙunshi, ta ce in ajiye saura tunda aikinmu ba ya barin mutum ya ci abinci a kan lokaci. Tana ɗaurewa tana bayani, wannan kaza ne, wannan kaza, a sha kaza. Ni kuwa kaina yana kan waya. Mu'awiya ne ya turo, *Nas ɗina, zuciyata na bugawa da sauri, a zo a duba.* Ina ta murmushi ina cewa, "To, Inna. To."

Ni da kowa ke yabon kunnena. Ita kaɗai na daina saurara.

Ranar Lahadin da ta wuce aka kawo Hajiya ɗakinmu, numfashi yana yi mata wuya, ƙafafu kamar an hura. Aka ba ta gado na bakwai. Ni na cike fom ɗin karɓarta. A shafi na biyu akwai tambayar da muke yi wa kowa.

"Mama, kina shan wani maganin gargajiya?"

Mu'awiya yana tsaye a kanmu da jakarta a hannu. Ta dube ni ta saman gilashi.

"Ni? Allah ya sawwaƙe."

Na sa alama a kan *A'a*. Na ce a raina, ai jiƙon da na kai mata ya daɗe da ƙarewa. Ban sake tambaya ba, don ba na son jin amsar.

Likita ya ce zuciya ce ta gaji, ruwa ya taru a jiki. Ya rubuta allurar da ke sa fitsari, ya ce gishiri ko ƙwaya ɗaya kada ya shiga bakinta. Mu'awiya ya riƙe dokar nan kamar karatu. Da kansa yake tsayawa a kan tukunya a gida. Ranar Talata ya turo mini, *Na ɗanɗana miyar Mama. Wallahi ruwan wanka ya fi ta daɗi.* Amma kullum da safe in muka ɗora ta a sikeli, nauyin ƙaruwa yake yi. Filo ɗaya ya koma biyu, biyu ya koma uku, har ta daina iya kwanciya sai a zaune.

Ranar Alhamis da safe, bayan zagayen likita, Sista Seember ta kira ni. Ita ce shugabar ɗakinmu, 'yar ƙabilar Tibi mai Hausar koyo, shekara ashirin da shida tana aikin nan. Ba ta cikin masu kwashe kwalaben mutane su zubar a kwata. In ta ga kwalba cewa take yi, "Kawo mu gani." Ta bar mata suna shafa man kaɗanya a bayan uwarsu, ta bar masu tofi su yi tofinsu, wani gyambon ma ita ke roƙon likita a gwada zuma. Abin da ta tsana ɗaya ne, ɓoyo.

Ta buga fayil ɗin da bayan biro. "Gado bakwai yana shan wani abu."

Na ce, "Sista, ta ce ba ta sha."

"Duka suna ce haka. Allura muna ba shi, ruwa bai fita. Abinci ba gishiri. To daga ina? Likita ya fara maganar ƙoda, ya ce gobe a tura shi babban asibiti. Ni ban yarda ba. Ke ne suke gaya wa magana. Je ki zauna, kar ki yi sauri."

Na je na zauna. Hajiya tana jingine da filo uku, ɗankwalinta ya zame, furfura a waje. Matar da ke gyara wa mutane Turanci, yanzu kalma uku take yi ta tsaya ta nemi iska. Na gyara mata ɗankwalin. Ta yi mini labarin wata ɗalibarta da ta zama alƙaliya, ta yi na mijinta marigayi. Ina ta saurare. Can sai ta nuna lokar gefen gado da haɓa.

"Zuba mini shayin nan, 'yata. Koren filas."

Na buɗe murfin.

Jama'a, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ƙamshin kanumfari ne ya fara dukana, sai hayaƙin itace a bayansa. Ɗakin Inna ne gaba ɗaya ya fito daga cikin filas ɗin nan, har da tabarmarta. Na ɗiga a yatsa na kai baki. Harshena ya ƙanƙance.

"Mama." Na dube ta. "Wannan ai gishiri ne zalla. Da kanwa."

"Gishirin miya likita ya hana," in ji ta. "Wannan na magani ne."

"Tun yaushe?"

"Tun da kika kawo. Cikin ya sauka, Allah ya yi miki albarka. Da ƙafar ta fara kumbura sai na ce, abin da ya sauke kumburin ciki ai zai sauke na ƙafa. Na mayar da shi sau uku." Ta tsaya ta ja numfashi. "Ruwan zafi kawai nake sa yaron nan ya kawo. Ƙunshin yana jakata. Ni da ke, ko?"

Wata biyu. Sau uku a rana. Kwana biyar a gabana, a kan lokar da nake gogewa da hannuna kowace safiya.

Na ce mata bari in ɗauraye kofi. Na ɗauki filas ɗin na shige ɗakin wanke kaya na rufe ƙofa. Ga famfo, ga rariya. Zan faɗa muku abin da ya zo mini, ko da za ku tsane ni. In na tuntsurar da shi, na zare ƙunshin daga jakarta, shi ke nan. Kumburi zai sauka, a ce allura ta fara aiki. Babu mai sani. Hajiya ba za ta faɗa ba, ita ma asirinta ne.

Har na karkata filas ɗin sai wayata ta yi ƙara a aljihu.

*Likita ya ce mu shirya tafiya gobe, wai ƙoda. Juwai ina tsoro. Ke kaɗai nake iya gaya wa.*

Na tsaya ina kallon saƙon. Za a ɗauki matar da ba ta iya kwanciya a sa ta a mota, a ƙara mata magani a kan magani, ana neman ciwon da ni na san inda yake. Kuma ni kaina ban san me da me ke cikin ƙunshin ba, balle in san abin da ya riga ya yi mata. Ranar da aka faɗa mini, ina karanta saƙon soyayya.

Na mayar da murfin. Na wuce ofishin Sista na ajiye filas ɗin a kan teburinta.

Ban ɓoye komai ba. Falon Hajiya, silifas ɗin, Awe, fom ɗin. Sista ba ta katse ni ba, ashe ita ma ta iya. Da na gama ta cire gilashinta ta murza ido.

"Juwairiya. Ke? Da wani ne ya gaya mini, zan ce ƙarya." Ta shinshina filas ɗin ta yamutsa fuska. "Mai yin wannan, kakanki ne na jini?"

"Ita ta raine ni."

"Kira shi. Yanzu. Sa a sifika."

Sai da ta yi ƙara sau shida kafin Inna ta ɗauka. Ina jin ƙarar itace a wuta ta bayanta.

"Juwaira? Lafiya da hantsin nan?"

"Inna, jiƙon nan da kika ba ni. Me da me ke ciki?"

Nan take ta gane ba ni na sha ba.

"Wa ya sha?"

"Wata mata ce, Inna. Tana kwance a ɗakinmu."

"Ƙafarta ta kumbura?"

"Ta kumbura, Inna."

"Innalillahi. Rabinsa jar kanwa ce da gishirinmu. Sauran kanumfari ne da citta da sassaƙen marke, su ba za su yi mata komai ba. Kofi ɗaya da safe, kwana bakwai a daina, haka na ce miki. Mai kumburin ƙafa ko mai hawan jini ko ƙamshinsa ba na bari ya ji. Ku raba ta da shi yanzu-yanzu."

Sista tana rubutawa da sauri. Ta sunkuyo kan wayar. "Mama, mun gode. Ni ne Sista."

"Sannu da aiki, 'yar nan. Ga ni nan zuwa. Abina ne a cikinta, sai na ga ƙafar."

Ta kashe. Ko sunana ba ta sake kira ba.

Sista ta ɗauki takardar da filas ta nufi wurin likita. Da ta dawo ta ce an dakatar da tafiyar, an ɗebi jini, za a ba ta kwana biyu a gani. Da kanta ta je gado na bakwai ta karɓi ƙunshin, ba faɗa, ba tsawa. Sannan ta ajiye fom ɗin a gabana.

"Da hannunki za ki gyara. Ja layi ɗaya, a ga na farko. Sa suna, sa kwanan wata. Rahoto kuma za ki rubuta, zai je sama. Ba zan rufe ba."

"To, Sista."

"Maganin kakanki bai yi laifi ba. Allura na ma in na ba wanda bai kamata ba, zai kashe. Abin da na sani ba ya ba ni tsoro. Ke ne kika ɓoye."

Wajen ƙarfe uku Umma ta kira. Na shiga bayan ɗakin magani na ɗauka.

"Inna ta kira ni ta ce tana hanya, na tare ta a tasha," in ji Umma, tana haki. "Na roƙe ta don Allah don Annabi kada ta ce ta san ki. Na gaya mata irin gidan da za ki shiga. Ta ce to."

"Umma, kin gaya mata…"

"Na gaya mata komai! Ke dai ki ja bakinki ki yi shiru, ai kin iya. Kada ki ɓarar da abin da ya zo hannu."

Ƙarfe huɗu aka buɗe ƙofa wa masu dubiya. Mu'awiya ya shigo cikin farar shadda, hula a karkace, kular abinci a hannu. Likita ya riga ya tare shi a baranda. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya dire kular a kan loka.

"Mama, ke? Ke da kike mana lacca? Ni ina can ina faɗa da mai aiki a kan ƙwayar magi, ke kina nan kina shan gishiri da kofi?"

Hajiya ta juyar da kai wajen bango.

"Wa ya kawo miki? Wallahi sai na san wanda ya kawo."

Ina tsaye a ƙarshen gadon da abin awon jini a hannu. Ya juyo gare ni, muryarsa ta yi laushi. "Juwai, sannu. An ce ke kika gano. Ba don ke ba…"

Ban san inda zan sa idona ba. Sai na ji sallama daga ƙofa.

Inna ce. Ta sa zanin atamfarta na zuwa biki, wanda ya koɗe a gindi, da shuɗin mayafin da na saya mata watan da na fara aiki. Silifas ɗinta ɗaya an ɗinke shi da zare. Ta bi gadajen ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Sannu, Allah ya ƙara sauƙi," kamar duk 'yan unguwarsu ne. Sista tana biye da ita. Da ta iso gado na bakwai ta wuce ta gabana, mayafinta ya shafi hannuna. Ba ta dube ni ba.

"Baiwar Allah, miƙo ƙafa."

Hajiya ta miƙa kamar ɗaliba. Inna ta ɗora babban yatsan nan da gishiri ya tsattsage a kan ƙwaurinta, ta danna, ta ɗaga. Rami ya zauna. Muka tsaya muna kallonsa, bai ciko ba.

"Haka mu ma muke yi," in ji Sista a hankali.

Inna ta girgiza kai. "Ke kuwa da gilashinki har da sarƙa, ba ki ji gishiri a harshenki ba? Shanu ma in an ba su kanwa ana bari su huta."

Matar gado na shida ta tuntsire da dariya. Hajiya ma sai da bakinta ya motsa. "An ce na magani ne," ta faɗa a ƙasa-ƙasa.

"Cikinki ya san na magani da na miya? Ki bi abin da masu allura suka ce. Wannan ciwon nasu ne, ba nawa ba."

Mu'awiya ya matso. "Dakata, Baba. Ke ce mai haɗa abin?"

"Ni ce, ɗana."

"Haka kuke yi? Ki ba mutum abu ba ki taɓa ganinsa ba? Da ta mutu fa? Kin san za a iya kama ki a kan wannan?"

Na san amsar Inna. Duk Awe sun san amsar. Na jira ta ce, ni ba na ba wanda ban gani ba.

Ta sunkuyar da kai.

"Laifina ne. Tsufa ne ya zo. Na bayar ban duba ba."

"Wa kika ba?"

"Mutane suna da yawa, ɗana. Ba na riƙe fuska."

Shekara hamsin tana korar masu mota a kan dokar nan. Sunanta ke nan, ba ta da wani. Ga shi ta shimfiɗa shi a ƙasan ɗakinmu, gaban baƙi, wani yaro yana taka shi da takalmi. Sista ta dube ni ta gefen ido. Hajiya ta runtse ido.

Mu'awiya bai gama ba. "Irinku ne Mama take faɗa kullum. Ki gode wa Allah akwai masu ilimi irin wannan," ya nuna ni, "masu gyara ɓarnarku."

"Na gode musu," in ji Inna.

Sai ta juyo. Karo na farko tun shigowarta ta dube ni, ido cikin ido. Babu fushi a ciki, da ma a ce akwai. Ta ɗan rusuna, yadda mutanen ƙauye ke yi wa ma'aikata.

"Malama nas, ina zan sami ruwa in wanke hannu?"

Malama nas.

Matar da ta goya ni zuwa tafki. Matar da ta tsaya a ƙofar aji ɗaya ranar farko, ta ƙi tafiya har aka tashi, don kada yara su yi mini dariya ni kaɗai.

Abin awon jinin ya suɓuce daga hannuna. Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba, da farin yunifom ɗina da komai. Na ji Mu'awiya yana cewa, "Juwai? Lafiya? Me ya faru?" Na ji Hajiya ta ce, "'Yata, bari," da 'yar muryar da ta rage mata. Wayata tana ta zuga a aljihu, na san Umma ce.

Na kama ƙafar Inna da hannu biyu. Faso ne ko'ina, da ƙurar hanyar Obi. Ni da ba a jin muryata daga gado zuwa gado, sai ga ta ta cika ɗakin.

"Mu'awiya, wannan kakata ce. Ita ta raine ni. Ba ta taɓa ba wanda ba ta gani ba. Ni na je na ce mata nawa ne, ta danna ƙafata ta ba ni. Ni na kawo wa Mama, kuma na ga ƙafarta kafin in kawo. Ni na cike fom na rubuta a'a."

Na ji kular abincin ta faɗo daga kan loka, murfin ya yi ta gangarawa har ƙarƙashin gado na tara. Ban waiwaya ba. Ban san da wace fuska yake kallona ba, kuma a lokacin ban nemi sani ba.

Inna ta sunkuyo tana ƙoƙarin ɗaga ni. "Tashi, kayan aikinki za su yi datti. Tashi, mutane na kallo."

"Su kalla."

Na ɗaga kai na dube ta.

"Inna, na ji kunyarki a gaban mutane, na ɓoye ki kamar abin sata. Na yi miki ƙarya a ɗakinki, na sa kin yi ƙarya da furfurarki. Kina magana ban saurara ba. Ki yafe mini, Inna. Don Allah ki yafe mini."